Birkin Hannun Motar Alhaji Isufu

Ku yaran yanzu, da zarar kun kalli bidiyo a waya, kun ga wani ya kwance noti ya mayar, shi ke nan kun zama kanikawa. Kwanan nan wani cikinku ya tsaya a bakin garejina, hannu cikin aljihu, yana ce mini wai birkin hannu ai sanda ce da waya, a ja a saki, mene ne abin koyo a ciki? Har ya ƙara da cewa motocin yanzu ba sa ma bukatarsa, tunda giyar tana da wurin fakin. Ban yi fushi ba, dariya ya ba ni. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da ke riƙe mota in ka sa ta a fakin wani ɗan ƙarfe ne a cikin giya, bai fi ɗan yatsa ba. Ka ɗora masa nauyin mota a gangare kullum, wata rana zai gaji.

Aiki na farko da maigidana Oga Sule ya yarda na yi da hannuna a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, can gida, birkin hannu ne na wata tsohuwar akori-kura. Kafin nan na daɗe ina wanke ƙarafa da kananzir, ina miƙa sifana, ina shan rankwashi in na miƙa wadda ba ita aka nema ba. Na so a ba ni inji, aka ba ni waya mai tsatsa. Direbobin can ba su damu da birkin hannu ba, dutse ne birkinsu, in an tsaya yaron mota ya diro ya cusa shi ƙarƙashin taya. Amma Oga Sule ba ya sakin mota sai ya gyara shi, ko mai ita bai ce ba. Yakan ce in inji ya mutu kai kaɗai zai wahalar, in birki ya mutu har wanda bai san ka ba sai ya shafa. Shi ya koya mini cewa waya ba ta son lanƙwasa mai tsanani, ba ta son zafi, kuma dole a bar mata ɗan sarari don ƙafar mota tana hawa tana sauka. Ya koya mini da baki, ya koya mini da bayan hannu. Allah ya jiƙansa, har yau in na riƙe filaya ba daidai ba sai in ji kamar yana tsaye a bayana.

Da na ƙetaro teku na zo garin nan na Greensboro na yi wa mutane aiki shekaru kafin in buɗe nawa ɗan garejin. Masu kuɗin unguwar Irving Park suna kawo mini motocin da sai ka jona musu kwamfuta su faɗa maka ciwonsu. Ɗaliban unguwar Glenwood kuwa suna kawo waɗanda addu'ar iyaye kawai ke riƙe da su. Duk ina karɓa. Sai shekarar korona ta zo, kowa ya shige gida. Motar da ba a hawa ba ta lalacewa, bakanike kuwa da lalacewar mota yake ci. Na share garejin nan har ba sauran abin sharewa, na goge sifanu na jera su bisa girma, na sake rushe su na jera. A wannan shekarar ce Alhaji Isufu ya kira ni ya ce in zo in ga wani abu a bayan gidansa.

Alhaji Isufu mutumin Maraɗi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya yi shekaru yana aiki a wani babban sito na kayan ɗaki, ɗaga wannan sauke wancan, har ya yi ritaya. A masallacinmu da shi ake ba da misalin ladabi. In zai gaisa da kai sai ya tallabo gwiwar hannunsa na dama da na hagu, ya miƙo maka, kamar yadda ake yi wa manya. Haka yake yi wa liman, haka yake yi wa yaro ɗan makaranta. In zai miƙa maka shayi ma haka. Iyaye har nuna wa 'ya'yansu shi suke yi, suna cewa ku dubi dattijo yadda yake girmama na ƙasa da shi. Mun ɗauka tsufa ne ya ƙara masa tawali'u.

Gidansa ɗan ƙarami ne a Glenwood, a kan tudu, hanyar da ta hau zuwa garejinsa tana da gangare sosai. Da ya ɗaga ƙofar garejin sai na ga mota rabi a haɗe rabi a akwatuna. Irin wadda ake kira kit ce. Kamfani ya aiko maka da shasi da gangar jiki ta faiba, kai kuma ka nemo inji da giya da ƙafafu daga tsohuwar mota, ka harhaɗa da kanka. Mai kujera biyu ce, ba rufi, ya zaɓa mata kore mai duhu. Ya daɗe yana haɗa ta kaɗan-kaɗan tun yana aiki, ranar Asabar bayan azahar.

Na ce, "Alhaji, wannan kuma fa? Mutum da jikoki, ina za ka zuba su a mota mai kujera biyu?"

Ya ce, da ɗan Faransancinsu na mutanen Maraɗi, "Bon, Malam Ado, jikoki suna da motar iyayensu. Wannan kujera ɗaya tawa, ɗaya ta Hajiya. Tun ina yaro a Maraɗi nake ƙera mota da kara da gwangwani. Na ce kafin in mutu sai na ƙera wadda za ta ɗauke ni."

Walda ce ba ya iyawa, shi ya sa ya neme ni. Na riƙa zuwa da injina na walda, muna aiki nesa da juna da takunkumi a fuska. Hajiya Mariyama, matarsa, takan ajiye mana abinci a bakin ƙofa ta koma. Aikin nan ya riƙe ni a shekarar da ba abin da ke riƙe mutum, ba zan ɓoye ba. Bayan an buɗe gari na koma garejina, shi kuma ya ci gaba, sai in abu ya gagara ya kira ni.

Birkin hannu shi ne abu na ƙarshe da ya rage. Ba a ba mota irin wannan lamba sai masu duba mota sun gwada ta, kuma ba birkin hannu ba maganar wucewa. Ko da ma ba doka, gangaren gidansa kaɗai ya isa dalili, domin daga ƙofar garejin mota za ta gangaro ne kai tsaye zuwa titin da ɗalibai ke wucewa a ƙafa da keke. Alhaji ya nuna mini inda kamfanin ya ce a kafa sandar, a tsakiya, tsakanin kujerun biyu, gefen hannun dama na direba. Nan ne wurinta a yawancin motoci, ban ga abin tambaya ba.

To ku saurara, ku masu cewa sanda ce da waya. Ba a kafa sandar a jikin faiba, ranar da ka ja da ƙarfi za ta taso maka a hannu. Sai ka yanki ƙarfe mai kauri, ka yi masa walda a jikin shasi, ka huda, ka ɗaure da bol da noti. Daga sandar waya ɗaya ce ke fita, ta je ta sami wani ɗan ƙarfe da ke raba ja gida biyu, kowace tayar baya ta sami rabonta daidai. In ɗaya ta fi ɗaya kamu, motar za ta riƙa murɗawa a gangare. Sannan ga farfela, doguwar sandar da ke juya tayoyin baya, tana juyawa a wannan lungun, ga salansa tana bi ta gefe. Sai ka lallaɓa wayar ta ratsa tsakaninsu ba ta taɓa kowa ba. Na yini a kwance ƙarƙashin motar nan. Da na gama na ja, na ji haƙoran sandar suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, na tura motar da kafaɗa ba ta motsa ba. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

Na ce, "Alhaji, bismilla, shiga ka gwada."

Ya shiga ya zauna, ya ɗora hannu a kan sandar. Sai na ga ya zuro hannun hagu ta gaban cikinsa ya tallabo gwiwar na dama, kamar zai gaisa da wani. Har na buɗe baki zan tsokane shi in ce Alhaji, birkin ma sai an yi masa ladabi? Allah ya taimake ni ban faɗa ba. Ya ja, sandar ta ɗan taso, ta tsaya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Ya ce, "Ta yi tauri kaɗan."

Na sassauta wayar, na shafa giris. Ya sake ja, bai kai ba. Na ce bari in ƙara wa sandar tsawo, domin doguwar sanda ta fi sauƙin ja. Ya ce a'a, a bari sai wani sati, yau ya gaji. Ya fito ya ce zai je ya yi alwala, ya shige gida bai dube ni ba.

Ina tattara kayana Hajiya Mariyama ta fito da kwanon abinci. Wannan karon ba ta ajiye ta koma ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana waiwaye.

Ta ce, "Malam Ado, ba birkinka ba ne. Kafaɗar ce. Tun aikin siton nan ta lalace, an yi masa aiki a asibiti ba ta koma daidai ba. Tuƙi yana yi, likita bai hana shi ba, tura abu gaba da baya ma yana yi. Ɗagawa sama ce ba ya iyawa. Ko kofin shayi sai ya tallafa."

Na ce, "Hajiya, to gaisuwar nan da yake yi..."

Ta ce, "Ita ce. Ku kuna ta yabon ladabi, ni ina shafa masa magani. Ladabin yana da shi, amma ba shi ne ya sa ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Ya san wannan ranar tana zuwa, shi ya sa ya bar birkin ƙarshe. Ya ce mini in bai iya ja ba zai sayar da ita, ya ce wa mutane ta ishe shi. Ba zai yarda a ce masa nakasasshe ba. Don Allah kar ya san na faɗa maka."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu duka masallaci guda, da idanunmu, mun yi shekaru muna kallon ciwon mutum muna cewa masha Allah. Wani baƙon da bai san gaisuwarmu ba da tuni ya tambaye shi me ya sami hannunsa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abincin, na rufe na tafi da shi gida.

Gyaran a ƙarfe ba wuya gare shi. Hannun hagunsa lafiya lau yake, sai a mayar da sandar hagu, tsakanin kujera da ƙofa. Akwai motocin da haka aka ƙera su. Matsala ɗaya, in ka ja sandar ta tsaya a miƙe za ta tare maka hanyar fita. Don haka ake da wata iri wadda in ka ja ta kama, sai ka sake ta ta kwanta ƙasa, birkin kuma yana nan a riƙe. Na zaga filayen matattun motoci, irin waɗanda kake shiga da sifanarka ka kwance abin da kake so, har na dace da guda mai kyau. Na wanke ta, na sa mata sabon sifirin. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda zan faɗa masa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma Hajiya ta ba ni amana. Ƙarya kuma ba na so in yi wa dattijo.

Sai na tuna da salansa. Gaskiya ne wayar ta bi kusa da ita. Gaskiya ne kuma da ɗan gwangwanin kariya zan iya magance wannan, amma ba wanda ya tambaye ni. Ranar Asabar na je da sabuwar sandar a cikin tsumma. Na same shi zaune a kujerar roba yana kallon motar, ko ƙyallen da yake lulluɓe ta da shi bai gama yayewa ba.

Ya ce, "Malam Ado, da ma ina son magana da kai. Ina ganin motar nan..."

Na katse shi, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ni ma da magana na zo. Aikin da na yi bai kwanta mini ba. Wayar nan ta matsu da salansa, zafi zai ci rigarta. Ina so in fitar da ita daga lungun nan gaba ɗaya, in bi da ita ta gefen hagu."

Ya ce, "Hagu? Mutum ya tsai da motarsa da hannun hagu?"

Na ce, "Alhaji, ai ba tuwo za ka ci da shi ba. Sitiyarin ma a hagu yake, ban ji ka kai ƙara ba."

Ya dube ni ya daɗe. Ni kuma na duƙufa ina warware tsumma kamar wani babban aiki ne. Can ya ce, "Dakor, na yarda. Kai ne mai sana'a."

Wannan karon ban nemi inda kamfani ya ce ba. Na sa shi ya shiga ya zauna yadda zai zauna in yana tuƙi, na ce ya saki hannun hagunsa ya faɗa inda ya ga dama. Inda tafin ya sauka, nan na yi alama da alli. Na sa ya fita ya shiga, ya fita ya shiga, da babbar riga da kuma ba ita, don in tabbata sandar ba za ta kama masa tufa ba. Tun daga ranar haka nake yi wa kowa, ko me takardar mota ta ce. Na cire kujerar, na yi waldar sabon ƙarfe a jikin shasi, na sayo waya mai tsawo, na bi da ita ta gefe a hankali, ina ɗaure ta da maƙalai don kar ta goga da komai. Ramin da na huda a tsakiya na toshe shi, na shimfiɗa kafet a kai. Alhaji yana zaune yana miƙo mini noti, yana ba ni labarin direbobin Maraɗi da yadda suke loda mota har ta fi gida tsawo. Rabon da in ji yana zuba haka an daɗe.

Masu duba mota sun duba sun wuce da ita, aka ba ta lamba. Amma su a shimfiɗaɗɗen fili suke gwaji, ni kuwa gangaren gidan ne alƙalina. Na ce masa ranar da zai fara fita da ita ina so in kasance. Wata Lahadi da hantsi na je. Hajiya Mariyama ta fito da mayafi mai ruwan zuma, ta ɗaure shi tamau don iska, tana cewa ita fa ba ta taɓa shiga motar da ba rufi ba, in hularsa ta tashi ba ruwanta. Ya buɗe mata ƙofa ta shiga. Suka gangara, suka nufi wajen unguwar Sedgefield, ni na zauna a kujerar roba ina jiransu. Na gyara motoci ba iyaka a rayuwata, ban taɓa zaman jiran wata gabana yana faɗuwa haka ba.

Da suka dawo bai shige gareji ba. Ya hau har tsakiyar gangaren, inda ya fi tsanani, ya tsaya. Na miƙe na matso, idona a kan tayar baya. Bai sa giyar a fakin ba, ya bar ta a sake, ya san abin da nake son gani. Ya sauke hannun hagu, ya kama, ya ja. Na ji haƙoran suna kamawa har inda ya kamata. Ya saki sandar ta kwanta. Sannan ya ɗage ƙafarsa daga birki a hankali, da matarsa zaune a gefensa, da titi a bayansu. Tayar ba ta motsa ba ko kaɗan.

Ya kashe inji, hannunsa yana kan sandar. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malam Ado, Hajiya ce ta gaya maka, ko?"

Na ce, "Alhaji, salansar nan da zafi take. In ba ka yarda ba, sauko ka taɓa."

Ya yi dariya har hawaye ya zubo masa, ya sa hannun riga ya share. Ya juya ya dubi matarsa, ita kuwa ta ƙura wa gilashin gaba ido kamar ba da ita ake ba.

Ya ce, "To, Allah ya saka wa salansar nan da alheri."

Hajiya Mariyama ta gyara mayafinta, ta ce, "Amin."